Walter Carrington

Walter Charles Carrington (1930–2020) lauya ne ɗan Amurka, baƙar fata, wanda ya yi jakadancin ƙasarsa a Senegal da Najeriya. An haife shi a birnin New York, ya kuma karanta shari'a a Jami'ar Harvard, inda ya kammala a 1955. Ya yi aikin lauya a Boston, ya zauna a hukumar yaƙi da wariya ta jihar Massachusetts, sannan ya shafe shekaru yana jagorantar ayyukan hukumar 'yan sa-kai ta Amurka, Peace Corps, a Afirka.

Shugaba Jimmy Carter ya tura shi Dakar a matsayin jakada a 1980, Bill Clinton kuma ya aiko shi Legas a 1993, bayan soke zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 12 ga Yuni. Bai ɓoye adawarsa da mulkin Janar Sani Abacha ba, abin da ba kowane jakada ke da ƙarfin halin yi ba. A 1997 jami'an tsaro ɗauke da bindigogi suka kutsa walimar bankwana da masu fafutukar dimokuraɗiyya suka shirya masa a Legas, suka tarwatsa ta.

Titin da ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yake a Victoria Island, Legas, yana ɗauke da sunansa.