Wa Zai Riƙe Alƙalamin Rubuta Magani?

A 1954, manyan ƙungiyoyin likitoci uku na Amurka suka fitar da matsaya guda: jinyar mai damuwa ta hanyar zama da shi a tattauna aikin likita ne, kada masanin halayyar ɗan Adam ya yi ta shi kaɗai. Matsayar ba ta ɗore ba. Zuwa 1977, kowace jiha ta ba masanan lasisin aikinsu.

Kafin nan wani abu ya riga ya sauya fagen. A 1952 likitoci a Faransa suka gwada chlorpromazine a kan masu taɓin hankali, suka ga ya yi aiki. Sannu a hankali likitan ƙwaƙwalwa ya karkata ga rubuta magani, tattaunawar kuma ta koma hannun masanin halayya. Mara lafiya ɗaya ya zama sai ya ga mutum biyu, alhali a ƙauyuka da yawa na farkon ba ya samuwa.

Wannan giɓi ne ya sa Sanata Daniel Inouye na Hawaii, a 1984, ya shawarci masanan su nemi ikon rubuta magani. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta gwada: tsakanin 1991 da 1997 ta horar da masana 10. Masu binciken majalisa sun iske suna aikinsu da kyau, sai dai horon ya ci kuɗi sosai.

Likitoci ba su yarda ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Ƙwaya ba ta tsayawa a kai kaɗai. Lithium na iya taɓa ƙoda, ciwon maƙoƙo kuma na iya zuwa da kamannin ciwon damuwa. Wanda bai karanci jiki duka ba, ta yaya zai bambance?

Jihar New Mexico, mai faɗin ƙasa da ƙarancin likitoci, ita ta fara amincewa a 2002. Amma ba a miƙa alƙalamin kyauta ba: sai masani ya ƙara karatun sa'o'i 450, ya duba marasa lafiya 100 ƙarƙashin kulawa, sannan ya yi shekara biyu likita na sa masa ido. Louisiana ta biyo a 2004, Illinois a 2014, Iowa a 2016, Idaho a 2017, Colorado a 2023, Utah a 2024. A Hawaii, jihar Inouye, gwamna ta ƙi sa hannu a 2007.

Wanda ya taɓa ɗauko ɗan'uwa daga ƙauye mai nisa zuwa asibitin Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ya san abin da ya sa New Mexico ta yarda. Ya kamata kuma ya lura da sharaɗin da ta gindaya. Nisan asibiti ne ya buɗe ƙofar, amma hujjar likitoci ce ta tsara irin karatun da za a yi kafin a shiga.