Sai Masu Gida: Kano Pillars daga 1990 zuwa yau

Yau Kano Pillars ta haura shekara 35 da kafuwa, ta girmi jihar Kebbi da shekara guda. Mu da ke nan Birnin Kebbi da Argungu ba Kanawa ba ne, amma mun daɗe da ɗaukar ƙungiyar nan a matsayin tamu, domin ita ce ta fitar da Arewa kunya a fagen ƙwallon ƙafa lokacin da ake ganin kofi sai Legas, sai Inugu, sai Aba.

A shekarar 1990 aka soma gasar ƙwararru a Najeriya, a wannan shekarar kuma aka haifi Pillars. Kano ba baƙuwar ƙwallo ba ce, tun a 1978 Raccah Rovers ta taɓa zama zakarar ƙasa. Sai dai bayan Raccah ta dusashe, 'yan wasan garin sun warwatsu a ƙananan ƙungiyoyi, kowa na jan nasa. Alhaji Ibrahim Galadima ne ya hango cewa ba za a kai ko'ina a haka ba. Ya tsaya tsayin daka aka haɗe ƙungiyoyi 3, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da guda ɗaya mai ɗauke da sunan jihar. Duk wanda ya san yadda masu riƙe da ƙungiya ke kishin tasu zai gane ba ƙaramin lallashi aka yi ba kafin kowa ya yarda ya sauke tutarsa. Mutumin da ya iya wannan aiki shi ne daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kuma bai zo wa kowa da mamaki ba.

Shekarun farko na koyon tafiya ne, an faɗi an tashi. Sai a 2008, ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana, aka ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko, wanda ya buɗe ƙofar shiga gasar zakarun Afirka ta 2009.

A nan ne ƙuri'a ta haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar. Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau 6, tana da Aboutrika a tsakiyar fili. Wasan farko a Kano aka tashi 1-1, kuma jama'a da dama suka ce shi ke nan, an gama, sai dai a je Alƙahira a cika umarni. Yaran suka je suka zura ƙwallo 2 a gidan sarakunan Afirka, aka tashi 2-2. A dokar lokacin, idan jimilla ta zo daidai, wanda ya fi cin ƙwallo a waje shi ke wucewa. Haka aka yi waje da Al Ahly tun kafin zagayen rukuni. Mutane da yawa a nan ta rediyo da wayar hannu labarin ya iske su, wani ya tambaya sau biyu kafin ya gaskata. Daga nan Pillars ta zo ta ɗaya a rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya. Tafiyar ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe, a hannun 'yar gida Heartland ta Owerri. An ji zafin wannan, amma ƙungiyar da ta zo gasar karon farko ta kai cikin huɗun ƙarshe ba ta da abin kunya.

Kakar da ta biyo baya ce wani siririn yaro mai gudu, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa, ya wuce Holan, daga can ya zama wanda duniya ta sani. Sai kuma kofuna 3 a jere, 2012 da 2013 da 2014. A wancan zamani filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama ramin kura ga baƙi: tun da rana tsaka ya cika maƙil da riguna ruwan ɗorawa da kore, ganga na tashi, Rabi'u Ali Pele ya ajiye ƙwallo zai buga firikik, filin ya yi tsit. Shekara 12 ba a ci Pillars a gida a gasar ƙasa ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. A 2019 kuma aka ƙara da kofin ƙalubale a Kaduna, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti.

Faɗuwa zuwa rukuni na ƙasa a 2022 ta zo ne a kakar da aka yi ta buga wasannin gida a garuruwan wasu, ga hukuncin rage maki. Ƙungiyar da ƙarfinta magoya bayanta ne, idan aka raba ta da su dole ta ji a jikinta. Shekara ɗaya ta yi ta dawo.

Abin da ya sa nake ganin Pillars ta fi ƙarfin a bar wa Kano ita kaɗai shi ne hanyar da ta buɗe. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ta nan ya bi har ya sa rigar Super Eagles. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a Gwadangaji ko Tudun Wada yana bukatar ya ga cewa akwai matakala tsakanin filin unguwarsu da babban fili, kuma a Arewa ba matakalar da ta kai wannan tsawo. Gidajen kallonmu sun cika da gardamar Chelsea da Madrid, alhali babu ɗayansu da za ta zo Argungu neman ɗan wasa.

Ina roƙon gwamnatin Kano da masu hannu da shuni su riƙe ƙungiyar nan da albashi a kan lokaci da makarantar horar da yara. Mu kuma a Kebbi, a ba Kebbi United irin gatan da Galadima ya nema wa Pillars, jama'a su riƙa cika filin Haliru Abdu ranar wasa.