Uwa da 'Yarta a Littattafanmu na Hausa

A unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana mun taso uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta saboda alkunya. Wannan kunyar ta bi mu har cikin littafi.

Cikin littattafan gasar 1933 ta nan Zariya, uwar da aka fi tunawa ita ce ta Shaihu Umar, wadda ta ƙetare hamada neman ɗanta. Ɗa namiji ke nan. Sai a 1980, da kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, muka ji budurwa, Boɗaɗo, tana ja da magabatanta kan wanda za ta aura.

Marubutan baƙar fatar Amurka sun fi mu tsage gaskiya. A 1987 Toni Morrison ta fitar da Beloved, labarin uwar da ta yanka 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Mu kuwa, har da ni, in uwa ta yi wa 'yarta auren dole, sai mu ɗora laifin kan kishiya ko gwaggo. Yarinyar da ke kuka a ɗakin mahaifiyarta, wa zai rubuta nata?