Dokar Suwizalan kan biyan waɗanda hukumomi suka zalunta suna yara

A ranar 1 ga Afrilun 2017 wata doka ta fara aiki a ƙasar Suwizalan, wadda ta tanadi kuɗi ga mutanen da hukumomin jin daɗin jama'a suka raba da iyayensu suna ƙanana kafin shekarar 1981. Majalisar tarayya ta zartar da ita a watan Satumbar 2016.

Shekaru da dama hukumomin ƙauyuka da na jihohi suna karɓe 'ya'yan matalauta, da marayu, da waɗanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, suna miƙa su ga manoma ko gidajen renon yara. Ana kiran waɗanda aka kai gonaki "Verdingkinder". Da yawansu sun tashi cikin aikin wahala ba lada, ga duka da yunwa, wasu har da lalata. Akwai kuma matasan da aka tsare ba tare da hukuncin kotu ba, bisa zargin rashin tarbiyya kawai. Sai a 1981 aka sauya dokar da ta halatta irin wannan tsarewa, shi ya sa aka ɗauki shekarar a matsayin iyaka.

A watan Afrilun 2013 ministar shari'a, Simonetta Sommaruga, ta nemi gafara a madadin gwamnati. Shekara guda bayan haka wani attajiri, Guido Fluri, ya jagoranci tattara sa hannun jama'a don neman asusun faran miliyan 500. Majalisa ta amsa da tata dokar mai tanadin faran miliyan 300, masu fafutukar kuma suka janye buƙatarsu.

Kowane mutum da aka amince da buƙatarsa yana karɓar faran 25,000. Adadin ɗaya ne ga wanda ya yi shekara guda a gona da wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a can. Dokar ma ba ta kira kuɗin diyya ba, ta ce gudunmawar nuna goyon baya ce, wato shaidar cewa an yi zalunci. Amfanin wannan tsari shi ne tsoho ba sai ya je kotu ya auna azabarsa da ta wani ba. Ba a cire haraji daga kuɗin, masu bin bashi kuma ba su da ikon ƙwace shi.

Dokar ta kuma ba su damar duba takardun da hukumomi suka ajiye a kansu kyauta, inda wasu suka fara sanin dalilin ɗauke su daga gida.

Da farko an sa ƙarshen Maris na 2018 a matsayin wa'adi, kuma kimanin mutum 9,000 ne suka nema, ƙasa da 12,000 zuwa 15,000 da gwamnati ta yi hasashe. A 2020 majalisa ta soke wa'adin baki ɗaya.