Zirga-zirga a kewayen shantiyen hanya

Shantiyen hanya cikin gari yana ƙuntata titi, ya tura motoci cikin unguwanni. Mazauna Yamai sun ga haka lokacin gina gadar sama ta Mali Bero, wadda aka buɗe a 2013, da ta Diori Hamani a 2018. Haka Maraɗi, Tawa da Damagaram a ayyukan bikin 18 ga Disamba.

A ƙa'ida, kamfanin da ke aikin ne ke kafa alamomi: allon gargaɗi tun daga nesa, allon rage gudu, sannan shinge mai ja da fari a bakin rami. Da dare tilas a sa fitila ko abu mai ƙyalli. Tulin yashi ba alama ba ne.

Babban haɗarin yana kan hanyar ratse. Galibi ta ƙasa ce, tana bi ta ƙofar gidaje da makarantu, inda kamiyo, kabu-kabu, amalanke da yara ke haɗuwa cikin ƙura. Shi ya sa ake yayyafa mata ruwa, a tsai da mai tuta a mashiga. Da damina kuwa, ruwa kan rufe ramin da aka haƙa har ya yi daidai da hanya.