ZARE: Idan ka jinginar da gidanka a banki, naka ne ko na bankin? 🧵

1/ Tambayar kamar wasa, amma Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kokawa da ita, kuma mutane sun rasa gonakin gado saboda amsarta. Ina karatun lauya, wannan zangon muke kan dokar ƙasa da jingina. Ku biyo ni a hankali, zan warware muku.

2/ A Ingila aka faro. Kalmar da suke kiran jinginar gida da ita daga tsohon Faransanci ta fito, "mort gage", wato matacciyar jingina. A ƙarni na 12 mai ba da bashi yakan karɓe gonar yana cin amfaninta, amma ko sisi ba ya raguwa daga bashin. Ga mai gona kam ta mutu.

3/ Zuwa ƙarni na 15 salon ya sauya. Ka rubuta wa mai kuɗi cewa gonar ta zama tasa, da sharaɗin idan ka biya a rana kaza za ta dawo hannunka. Ka makara da kwana ɗaya? Shi ke nan, gona ta tafi, bashin kuma yana nan a wuyanka. Ga mari ga tsinka jaka.

4/ Mutane suka riƙa kai kuka Kotun Chancery, wadda ke duba adalci idan doka ta yi tsauri. A ƙarni na 17 ta kafa ƙa'ida: ko ranar ta wuce, ka kawo kuɗin da ruwansa da ɗawainiya, a mayar maka da gonarka. Wannan shi ne haƙƙin fansa.

5/ Masu kuɗi suka ce to mu fa, haka za mu zauna jiran gawon shanu? Sai kotun ta ba su dama su roƙi a sa wa'adi na ƙarshe, idan ya wuce a rufe ƙofar fansa. A 1738 alƙali Lord Hardwicke ya ce haƙƙin fansa dukiya ce da kanta, ana gadonta, ana sayar da ita.

6/ Kun ga rikicin? A takarda mai kuɗi ne mai gona. A zahiri kowa ya san ta wanda ya ci bashi ce. Da wannan tufka da warwara dokar ta tsallaka Amurka, inda jihohi suka rabu gida biyu.

7/ Wasu, irin su Massachusetts, suka riƙe tsohon tsari: mallaka tana hannun mai ba da bashi har a gama biya. Wasu suka ce a daina rufa-rufa. South Carolina ta yi doka a 1791, New York kuma daga 1830 ta hana mai bashi shigar da ƙarar korar mai gida kai tsaye.

8/ Tsari na biyu shi ne maudu'inmu, kuma shi mafi yawan jihohin Amurka ke bi yau. Ni ina kiransa tsarin igiya. Akuyar taka ce, a gidanka take, kai ke shan nononta. Banki igiya kawai ya ɗaura mata a wuya.

9/ Yadda yake tafiya: ka sa hannu a takarda biyu, ta alƙawarin biyan bashi da ta jingina. A kai ta biyun ofishin rajistar filaye na gunduma a rubuta. Sunanka ne a takardar mallaka. Ka gama biya, banki ya ba da shaidar sakin igiya, ita ma a rubuta.

10/ Igiyar tana bin gidan, ko hannun wa ya koma. Shi ya sa mai saye ke bincike a rajista kafin ya biya. Idan igiyoyin sun yi yawa, galibi wanda ya riga yin rajista shi ake fara biya, sai dai harajin gida na gwamnati yakan sha gaban kowa.

11/ Idan ka kasa biya fa? A New York da Florida dole banki ya je kotu, ya tabbatar da bashin, a yi gwanjon gidan. A cire kuɗin masu bin bashi, ragowar taka ce. Kafin nan ba shi da ikon sauya maka kwaɗo. California ma tsarin igiya take bi, amma tana da hanyar gwanjo ba tare da kotu ba.

12/ Ga shari'ar da ta fi burge ni: Harms da Sprague, Illinois, 1984. Wa da ƙani, William da John Harms, sun mallaki fili tare, a tsarin da wanda ya rage a raye ke ɗauke duka. John ya jinginar da kasonsa don tsaya wa abokinsa Sprague kan bashin dala 7,000, William bai sani ba.

13/ Sai John ya rasu. Kotun ƙolin jihar ta ce jingina igiya ce kawai, ba ta raba mallakar 'yan'uwan ba. Kason John ya ƙare da mutuwarsa, igiyar ta bi shi. William ya ɗauki fili sumul. Da tsarin mallaka ake bi, da jinginar ta raba filin tun ranar sa hannu.

14/ Bayan rikicin gidaje na 2008 aka ga amfanin bi ta kotu. A 2010 ta fito fili cewa ma'aikatan wasu bankuna na sa hannu a dubban takardun rantsuwa ba tare da sun karanta ba. A 2012 manyan bankuna 5 suka amince da sulhu na dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49.

15/ Ita kanta Ingila ta sauya. Dokar 1925 ta hana miƙa wa mai bashi cikakkiyar mallaka, ta 2002 kuma ta bar ɗaurin bashi kaɗai a filaye masu rajista.

16/ Mu fa? Najeriya ta gaji dokar Ingila, kuma jihohi da dama na Arewa har yau ta 1881 suke bi. A ƙarƙashinta, idan an cika sharuɗɗa, banki na iya sayar da gidan da aka jinginar masa ba tare da ya nemi izinin kotu ba. Ku sake karanta wannan layin.

17/ Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, kai haƙƙin zama kake da shi, kuma jingina sai da amincewarsa. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewar.

18/ Don haka duk ranar da wani ya ce a ara masa takardar gidanku "banki kawai za a nuna wa", ku tambaya: me aka miƙa, igiya ko akuyar? Wa ke da ikon sayarwa, kuma bayan sanarwar kwana nawa? A kai wa lauya ya karanta kafin Baba ya sa hannu.

19/ Nan zan tsaya. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lacca in sha Allah. A tura wa wanda zai amfana 🙏