Wasiƙa Daga Jidda: Tarihin Lefe, Daga Kwandon Kaba Zuwa Saitin Akwati



Zuwa ga 'yan uwa da abokan arziki na gida da na waje, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kowa yana lafiya, ya hidimar biki? Allah ya ba da lada. Mu ma nan Madain Fahd a kudancin Jidda muna lafiya, sai godiya.

Tunda saura sati uku a kai lefen autanmu, kuma maganar yawan akwati ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu, wasu na cewa a rage, wasu na cewa haka muka gada, na ga ya dace wasiƙata ta wannan karon ta zama ta tarihi. Iyayenmu mata ku gafarce ni, ba gardama zan yi da ku ba, so nake kawai mu duba mu ga mene ne muka gada, mene ne kuma zamani ya ɗora mana.

Ita kanta kalmar lefe asalinta sunan wani ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda mata ke ajiye auduga da mazari a ciki. A irinsa ake zuba kayan da ango zai kai gidan amarya, shi ya sa sunan ya bi kayan har yau. To kun ga abin da zai shiga wannan kwando ba zai wuce 'yan zannuwa na saƙi ba, in an samu hali a haɗa da baƙin zane rinin Kura mai ɗaukar ido. Kuɗin lokacin kuwa wuri ne. Akwai wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 zuwa 1950, aka buga littafin a 1954. Duk aurarrakin da ta ba da labari na ƙuruciyarta, wuri da goro da zane ne ke kai da kawowa tsakanin gidajen biyu.

Ta fuskar addini ma abin a taƙaice yake. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Risala, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinare giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Da waliyyi da sadaki da shaidu biyu da siga, aure ya ɗauru. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Ihya'us Sunna ya yi tir da masu karɓe sadakin mace su cinye, domin haƙƙinta ne ita kaɗai. Shi kuwa lefe kyautatawa ce ta al'ada, ba ya cikin rukunan aure.

To yaya aka yi kwando ya zama akwati? Hanyar ciniki ce ta sauya. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, nan da nan cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗin Turawa ya kori wuri, kamfanoni irin su John Holt, daga baya kuma UAC, suka cika kantuna da yadin Manchester da atamfar Holan da kwanukan waje. Sai lefe ya yi wa kaya kaɗan, aka koma zuba su a kwalla, daga nan fantimoti, daga nan akwatin ƙarfe. Haka abin ya faru a ɓangaren iyayen amarya: jeren ƙorai da akussa ya koma na tasoshi, tasoshi suka ba kwanuka wuri, kwanuka suka ba tangaran. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, atamfa 'yar gida ta wadata har talaka ma yana iya jera turmi uku ko huɗu.

Babban tsalle kuwa a zamanin kuɗin man fetur aka yi shi. Naira ta fito a 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, leshin Ostiriya da na Suwizalan da shadda suka shigo Kantin Kwari. A nan ne kuma wannan gari da nake zaune ya faɗo cikin lefenmu. A da mai zuwa Makka ta ƙasa yake bi, ta Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana noma ko ɗinki don neman guzuri, wani ya yi shekaru kafin ya ƙetare Bahar Maliya, wani ma ba ya komawa. Cikinsu har da mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Jikokin irin waɗannan matafiya su ne muke haɗuwa da su a Makka da Jidda da sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Wanda ya taho a ƙafa kuwa ba shi da halin ɗauko wa kowa kayan lefe. Amma da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, har alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977, sai kowace Hajiya ta riƙa komawa da tsaraba daga Bab Sharif da Bab Makka da kasuwannin Balad. Daga tsaraba abin ya zama sana'a, aka sami 'yan Kano-Jidda. Ke nan abaya da gyalen Makka da turaren oud da sarƙar zinare da ke cikin takardar sayayyar da aka aiko mini, duk shigarsu lefe bai fi shekara hamsin da 'yan kai ba. Ku tambayi Inna abin da aka kawo mata a nata, za ku sha mamaki.

Matsalar ita ce kuɗin sun tafi amma akwatunan ba su tafi ba. Tun da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986 Naira ke faɗuwa, a Yunin 2023 kuma aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa. Shi kuwa Riyal tun 1986 yana nan a 3.75 kan Dalar Amurka ɗaya. A nan Saudiyya harajin sayayya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a Yulin 2020, zinare kuma ya haura Dala 3,000 kan oza ɗaya a Maris na 2025. Wato saurayin yau ana so ya cika akwatunan zamanin Udoji da albashin da bai kai ya kawo ba.

Hukumomi sun sha gwada shiga tsakani. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta ƙayyade kuɗin aure, amma jama'a suka ci gaba da ƙari ta bayan fage, domin ba wanda yake son a ce 'yarsa ta yi araha. A Kano kuma gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa a 2012 ta hannun Hisbah, a Oktoban 2023 aka sake ɗaura na mutum 1,800 da matansu. Gado da katifa da sadaki da ɗan jari aka ba su, ba saitin akwati, kuma ba malamin da ya ce auren bai ɗauru ba. Abin da na fahimta shi ne doka ba ta iya rage lefe, sai dai dangi su zauna su rage da kansu. Don haka ra'ayina, a yi akwati uku masu kyau ba tare da an ci bashin ko sisi ba, ragowar kuɗin a biya hayar shekara a sayi abinci. Amarya ba za ta ci leshi ba ranar da masu bin bashi suka yi sallama.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan fama. Mutanen Hijaz ma suna da shabka, wato zinaren da ango ke bayarwa, da dabash, wato kayan da amarya ke tafiya da su, da daren lalle da suke kira gumra, kuma su ma samarinsu kuka suke da tsada. Sai dai akwai abu ɗaya da suka riga mu. Tun 2004 ba a ɗaura wa 'yan ƙasa aure sai da takardar gwajin jini na sikila da makamantanta, a 2008 aka ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta. Jihar Kano sai a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan irin wannan doka, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Wannan sabon abu ne wanda kakanninmu ba su sani ba, amma da sun san shi da sun sa shi gaba da zane.

Saboda haka Yaya Babba, don Allah kafin a kai ko da tsinke gidan su yarinyar nan, a tabbata su biyun sun je asibiti an ga sakamako a cikin satin nan. Gara a ji komai tun ana da sauran lokaci, da a ji bayan an raba goro da katin gayyata.

A gaida su Inna da Gwaggo da Kawu da dukkan yara. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, amin.

Wassalam, taku har kullum, daga Jidda.